Teburin da na haɗa da damina ya tsage da hunturu: hannuna ne ko kayan aiki?

Wani malamin makaranta daga unguwar Zariya a nan Maradi ya aiko da tambaya. Yana son ya riƙa taɓa aikin katako a gida ranakun Asabar da Lahadi, ba don sayarwa ba, sai don ya yi wa yaransa kantar littattafai da teburin karatu, ya kuma yi wa mahaifiyarsa kujera ƴar tsugunne. Ya tara ɗan kuɗi, yana shawarar aikawa Kano a sayo masa zarto mai aiki da lantarki. Ya ce ya taɓa haɗa ƙaramin tebur cikin watan Agusta, ya fito tsaf, amma kafin ƙarshen Fabrairu samansa ya tsage, ƙafa ɗaya kuma ta daina taɓa ƙasa. Shi ne yake tambaya ko hannunsa ne bai faɗa ba, ko kuwa rashin kayan aiki ne.

Malam, Allah ya sa albarka cikin wannan niyya. Ba hannunka ba ne, ba kuma rashin inji ba ne. Da za ka ba ƙwararren kafinta wannan katakon a wannan watan, ya haɗa shi yadda ka haɗa, da shi ma nasa ya tsage. Don haka ka riƙe kuɗin injin tukuna, mu yi maganar katako, domin a garin nan shi ne tushen aikin.

Katako ko bayan an sare shi an yanka shi, bai daina shan ruwa da fitar da shi ba. In iska na da laima sai ya tsotsa ya kumbura, in ta bushe sai ya saki ya tsuke. Mu kuma a Maradi muna zaune tsakanin yanayi biyu masu nisa da juna. A watan Agusta laimar iska takan haura kashi 70 cikin 100, a Fabrairu da Maris kuwa, lokacin da iskar hunturu ta gama busar da komai, da rana takan sauka ƙasa da kashi 20. Katakon da ya zauna cikin laimar Agusta yakan riƙe ruwa wajen kashi 14 zuwa 15 na nauyinsa, a tsakiyar rani sai ya koma wajen kashi 4 zuwa 5. Tazarar nan ta kusan kashi 10 ita ce ta fasa maka tebur. A falanki mai faɗin santimita 60, tana iya kaiwa tsukewar santimita ɗaya, a wani icen ma da rabi. Wannan kuwa in katakon ya riga ya bushe kafin ka saya ke nan. Mafi yawan abin da ake saukewa a wurin ƴan katako daga dazuzzukan kudu yake zuwa, kudancin Najeriya da Gana da Kodebuwa, inda ruwan sama ya ninka namu, kuma sau da yawa ba a daɗe da yanka shi ba aka loda shi a mota. Irin wannan tsukewarsa ta fi abin da na faɗa.

Abin lura a nan shi ne katako ba ya tsukewa ta tsawonsa, ko ya yi bai kai a kula ba. Ta faɗi yake motsi. To kai da ka ɗora falankin saman tebur a kan sanda da ta gitta ƙarƙashinsa, ka danne da ƙusa a gefe da gefe, ƙila har da gam, ka ɗaure abu mai motsi a jikin abin da ba ya motsi. Da hunturu ya shigo, falanki ya nemi tsukewa, ƙusoshi suka riƙe gefunansa, ba shi da mafita sai ya dare a tsakiya. Ƙafar da ta ɗaga kuma, ɗaya daga cikin sandunan ne ya murɗe yayin bushewa ya ja ƙirar gaba ɗaya.

Teburin bai mutu ba. Ka cire samansa a hankali, ka bi tsagar da zarto ka raba falankin gida biyu, ka goge bakunan su miƙe, ka sake haɗa su da farin gam ka matse su kwana ɗaya. Wajen mayar da shi kada ka sa ƙusa, kada ka sa gam tsakaninsa da sandunan ƙasa. Sukuru za ka sa daga ƙasa. Na tsakiya ka ɗaure shi tam, na gefe kuwa ka faɗaɗa ramukansu a jikin sanda su yi ɗan tsawo kamar ƙwayar dabino, ta bangaren faɗin tebur, ka sa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe mai faɗi, a ƙarƙashin kan sukurun, yadda falanki zai iya zamewa ya tafi ya dawo da sauyin yanayi. Ƙafafu kuma ka ɗora teburin a kan daɓen siminti da ya daidaita ba tudu ba kwari, ka auna tazarar da gajeriyar ta bari, ka rage sauran ukun daidai da ita.

Daga yanzu kada ka yi aiki da katako ranar da ka saye shi. Lokacin saye mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba ko Nuwamba. Ka kawo shi gida ka jera a inuwa, cikin zaure ko rumfar da iska ke ratsawa, ba a rana ba. Ka ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo, ka sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin falanki da falanki, kowane santimita 40 zuwa 50, sanda a saitin sanda daga ƙasa har sama, sannan ka danne saman da bulo. A ƙasashen sanyi matsalarsu katako ya ƙi bushewa, mu tamu matsalar ya bushe da gaggawa. Bakin falanki ya fi jikinsa saurin fitar da ruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa tsaga take farawa daga baki. Ka shafe bakunan biyu da ragowar fenti ko narkakken kyandir tun ranar da ka kawo shi. In kana son sanin ya isa aiki, ba sai ka sayi na'ura ba. Yanki guntu ɗaya, ka rubuta nauyinsa a jikinsa, ka riƙa kai shi sikelin mai shago kowane mako. Ranar da ka ga mako biyu ko uku nauyin bai ragu ba, ya daidaita da iskar gidanka.

Sai dai akwai ɗaya gefen da ake mantawa. Abin da ka haɗa a Maris, lokacin da katako ya kai ƙarshen tsukewarsa, zai kumbura in damina ta faɗi. Durowa ko ƙyauren kwaba da ka yi cif-cif a Maris, a Agusta sai ka sa ƙarfi kafin ya buɗe. Ka bar masa sarari na milimita 2 zuwa 3 a kowane gefe. In kuma da damina kake haɗawa, ka yi shi a matse, rani zai sassauta shi.

Wajen zaɓe a kasuwa, ka ɗauki lokacinka, kada kunyar mai kaya ta sa ka karɓi na sama. Ɗaga falanki ka sa ido ɗaya a bakinsa ka hango tsawonsa, za ka ga in ya lanƙwashe ko ya murɗe. Wanda ya ɗan lanƙwashe ana iya yanka shi gajeru a ci moriyarsa, wanda ya murɗe ka bar shi. Duba bakinsa ka ga zoben shekarun icen. Wanda layukansa suka tsaya a tsaye, motsinsa kusan rabin na wanda layukansa suka kwanta ne, shi za ka nema don saman tebur. Wanda cibiyar icen ta ratsa ta cikinsa tsagewa zai yi ko me ka yi masa. Falanki mai sanyi a tafin hannu, mai nauyin da ya fi na ƴan uwansa, ɗanye ne. Kuma gara ka haɗa saman tebur da falankai huɗu ko biyar masu faɗin santimita 12 zuwa 15 da ka yi da guda biyu manya, domin babba ya fi kantarewa.

Farin katako da ya cika kasuwa, wanda ake kira samba, shi ne abokin mai koyo. Ba shi da nauyi, mita ɗaya ta kowane gefe ba ta cika kilo 400 ba in ya bushe, zarto na shiga cikinsa ba gardama, ƙusa ba ta cika fasa shi ba, kuma motsinsa da sauƙi. Aibinsa biyu: ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya mai nauyi, kuma ƙwari na son sa. In ka ga ƙananan huda a jikinsa da gari mai laushi yana zubowa, akwai ƙwaro a ciki, kada ka shigar da shi gidanka don zai bi sauran kayan. Jan katako kuwa suna ne da ya tattara itatuwa iri-iri, wani mai kyau ƙwarai, wani ja ne kawai a ido. Ya fi ƙarfi, ya fi jure gara, ya fi tsada, ya fi cin kaifin kayan aiki. Ka ajiye shi don ƙafafun tebur da kujera.

Kantar littattafan yara ni da filawud zan ce ka yi ta. An yi shi ne da siraran yankan katako da aka manne, kowane ya gitta na ƙasansa, saboda haka babu wannan kumburi da tsukewa da muke ta magana. Fallensa ɗaya santimita 122 ne a 244. Ka nemi mai kaurin milimita 15 ko 18 don jiki da hawa-hawa, mai milimita 4 ko 5 don rufe baya. Kada ka raina wannan na bayan, shi ne yake hana kanta rangaji. Zurfin kanta santimita 25 zuwa 28 ya isa, tsakanin hawa da hawa ka bar 32, don babban littafin rubutu da takardun makaranta masu tsawon kusan santimita 30 su tsaya a miƙe. Littafi na da nauyi fiye da yadda ake zato, don haka kada hawa ɗaya ya wuce santimita 75 zuwa 80 ba tare da tokari a tsakiya ba, in ba haka ba cikin shekara zai yi ciki. Shi kuwa MDF, wancan mai santsi da aka yi da garin katako da gam, yana da kyau a ido amma ruwa kaɗan ya taɓa gindinsa sai ya kumbura ya ruguje. A gidan da ake wanke daɓe, ake kuma da yara, ban ba ka shawararsa ba.

Akwai kuma katakon da ake ɗora kaya a kai a manyan sito-sito, wanda garin kasuwanci irin namu ba ya rasa shi, kuma da araha. Ya riga ya bushe, yana da kyau don benci da akwatin takalma da abin ɗora randa. Duba hatimin da ke gefensa. In ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarinsa, babu laifi. In ka ga MB, hayaƙin guba aka yi masa, ka bar shi. Wanda aka ɗora wa taki ko maganin feshi ko ya sha wani mai da ba ka san ko mene ne ba, shi ma kada ya shiga ɗaki.

Yanzu itatuwanmu na gida, waɗanda nake ganin an yi musu rashin adalci. Dogon yaro da ya cika titunan Maradi, asalinsa daga Indiya aka kawo shi, kuma dangin maɗaci ne. Jan cikinsa na da ƙarfi da kyan launi, gara ba ta cika son sa ba. Duk shekara ana sassabe manyan rassansa a gidaje da makarantu, su ƙare a murhu, alhali a cikinsu akwai ƙafafun kujera da na tebur masu kyau. Sai dai farin da ke bayan jan, kusa da ɓawo, ba shi da wannan kariya, a fere shi. Ƙirya ta fi su duka tauri, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita, amma za ta gajiyar da mai koyo ta dakushe masa zarto. Aduwa na da santsi da ƙarfi, ita ce ta allo da ƙotar fartanya. Ɗanya na da sauƙin sassaƙa, ana akushi da ita. Gawo amfaninsa a tsaye cikin gona ya fi amfaninsa a yanke, katakonsa ba ƙarko, ƙwari na cinye shi da wuri.

A nan dole in yi maka magana ta gaskiya: kada sha'awar aiki ta sa ka sa a sare ice ba bisa ƙa'ida ba. Dokar gandun daji ta 2004 ta kare itatuwa da dama, sai da izinin ma'aikatan gandun daji ake taɓa su, kuma dajin Baban Rafi da muke taƙama da shi a yankin Madarunfa ya sha gatari ya isa. Dattawa sun san yadda gonakin jihar nan suka zama fili fetal bayan farin shekarun 1970 da na 1984. A nan yankin Maradi ne, daga 1983, wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoma suka fara rainon tohon kututturan da ke cikin gona maimakon ƙone su, abin da muke kira sassaben zamani. Aikin ya bazu har aka ƙiyasta ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. A 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan icen da ya raina a gonarsa. Saboda haka hanya a buɗe take: ka sayi reshe daga manomin da ya yi sassabe, ko icen da iskar farkon damina ta kayar, ko na maƙwabcin da zai rage dogon yaron ƙofar gidansa. Abin da kake buƙata kaɗan ne, ba sai ice ya mutu dominka ba.

Kujerar Hajiya kuwa, kafin ka taɓa ta ka je ka zauna wurin masassaƙa ranar kasuwa, Litinin ko Juma'a, ka gaishe su ka kalli hannunsu. Kujerar da iyayenmu mata suke gada daga iyayensu daga gungume ɗaya ake fafe ta da gizago, babu haɗi babu ƙusa, shi ya sa hunturu ba ya samun inda zai kama ta. Ka lura da yadda suke ɗan kwarmanta wurin zama, da yadda ƙafafu suke buɗewa waje don kada ta kife. Kai da za ka yi ta haɗi, ka nemi guntun jan katako ko dogon yaro mai kaurin santimita 4, faɗi 22, tsawo 30. Ka huda ramuka huɗu a karkace kaɗan zuwa waje, ka fere kan kowace ƙafa ya shiga raminsa a matse, ka tsaga kan da zarto, ka sa gam, ka buga siririn tsinken katako cikin tsagar daga sama. Tsinken ya gitta zaren falankin, kada ya bi shi, in ya bi shi zai fasa wurin zaman. Ƙafafun su fi falankin bushewa, domin in falanki ya ƙara tsukewa sai ya ƙara damƙe su. Maganar tsayi kuma ka tambaye ta. Ta tsakar gida da aka saba tana tsakanin santimita 15 da 20, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa tashi daga nan wahala ne, 28 zuwa 30 zai fi mata. Ka jera bulo ko littattafai ta zauna ta gwada, ta faɗa maka inda ya yi mata daɗi.

Kayan aikin da za su yi maka duk wannan ba su da yawa. Zarton hannu mai kyau guda ɗaya, tef ɗin awo, sukwaya ta ƙarfe mai auna kusurwa, guduma, kurfi biyu ko uku, filen na hannu mai goge katako ya miƙe, magagari, sukurdireba, samfefa mai lamba 80 da 120 da 180, da dutsen wasa. Dutsen nan kada ka ɗauke shi ƙarami, domin kurfi mai dakushi shi ne yake zamewa ya shiga hannu. In akwai abu ɗaya mai lantarki da zan ce ka saya, injin huda ne mai batir, wanda yake huda rami ya kuma ɗaura sukuru. Ana cajinsa ko da hasken rana, kuma duk wanda ya zauna garin nan a 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, ya san darajar kayan aikin da ba ya jiran wuta. Manyan yanka kuwa, raba filawud da tsaga falanki da goge shi, ka rubuta awonka a takarda ka kai wa masu inji a wurin ƴan katako, su yanka maka da kuɗi kaɗan, ya fito a miƙe fiye da yadda za ka yi a tsakar gida. Abin matse haɗi na ƙarfe yana da tsada; tsohuwar robar cikin tayar babur da aka yanka dogaye tana matsewa sosai, haka ma igiya da aka zagaya aka murɗa da sanda.

Abu ɗaya nake roƙon ka da girman Allah: kada ka ɗaura faifan zarto mai haƙora a jikin injin hannu na masu walda, wanda ake yankan ƙarfe da shi. Ana yi a gari, ina gani. Gudunsa ya fi ƙarfin wannan faifan, ba shi da abin tare shi, in haƙori ya cije a katako injin yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Yatsu da fuskoki da yawa sun tafi ta nan.

Wajen haɗi, abubuwa kaɗan ne za ka kiyaye. Huda ƙaramin rami kafin kowane sukuru, musamman a jan katako da kusa da baki. Farin gam yana kama gefe da gefe har ya fi katakon kansa ƙarfi, amma a bakin katako ba ya riƙewa, nan sai an taimaka masa da sukuru ko turaku na katako ko haɗin rami da harshe. Da bazara, in zafi ya haura digiri 40, gam yakan fara bushewa kafin ka gama jera kayan, don haka ka yi haɗi da sassafe, ka kuma gwada komai a bushe tukuna. Don ka san kanta ta tsaya daidai, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka auna ɗaya gicciyen. In awo biyun sun zo ɗaya, sai ka buga bayan. Teburin karatu na babba tsayinsa santimita 72 zuwa 75 ne, kujerarsa 43 zuwa 45. Na yara ka auna yaron: tafin ƙafa a ƙasa, gwiwar hannu daidai da saman tebur.

Gara ita ce abokiyar gaba ta biyu bayan hunturu. Daga ƙasa take zuwa, ta bi bango, tana son duhu da laima da wurin da ba a motsawa. Kada kayanka su zauna kai tsaye a kan ƙasa. Ka yi musu ƙafafu, ka sa musu takalmin roba ko ka ɗora su a kan tayil. In ginin laka ne, bar tazarar yatsu uku tsakanin kanta da bango, yadda tsintsiya da ido za su shiga. Da damina ka riƙa jawo kaya kana dubawa, in ka ga hanyar ƙasa ta hau bango ka karya ta ka bi ta har inda ta fito. Na san ana shafa baƙin man mota, kuma a dirkar rumfa ko gindin shinge mutane na ganin amfaninsa, amma ba abin shiga ɗaki ba ne, balle abin da yaro zai taɓa ya sa hannu a baki. Ita kuma kanta in ta fi yaro tsayi, ka ɗaure samanta da bango da ƙarfe ko waya mai ƙarfi. Yaro zai hau ta, wannan babu shakka, kuma kanta cike da littattafai in ta rufto kan ɗan shekara uku ba ƙaramin abu ba ne.

Shafe na ƙarshe, ko banish ko fenti, ka yi wa kowace fuska, sama da ƙasa, ciki da waje. Wanda ya shafe saman tebur ya bar ƙasansa tsirara ya sa gefe ɗaya na shan laima fiye da ɗayan, sai falanki ya kantare. Shafi siriri sau uku, da ɗan gugar samfefa mai laushi a tsakani, ya fi mai kauri sau ɗaya. Da hunturu ƙura ce matsala: ka yayyafa ruwa a daɓe, ka rufe ƙofa ta bangaren iska amma ka bar wata a buɗe saboda warin, ka yi da safe kafin iska ta tashi. Kayan yara ka nema musu fentin ruwa, ko wanda aka rubuta a gwangwaninsa babu dalma, domin an sha samun dalma a wasu fentin mai da ake sayarwa a ƙasashenmu. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa. Abin da zai taɓa abinci, kamar katakon yanka albasa ko muciya, kada ka sa masa banish. Man gyaɗa ma, duk da shi ne a hannunmu, ba ya bushewa, yana daɗewa sai ya yi wari ya kama ƙura. Kakin zuma da aka narkar aka murza da tsumma ya wadatar.

Ban sani ba ko wani ya fara ce maka me malamin makaranta zai yi da zarto, tunda a wurinmu sassaƙa sana'ar gado ce. In an faɗa, ka tuna musu hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Ka kuma jawo yaranka kusa, maza da mata. Ba su samfefa da guntayen katako, su riƙe maka bakin tef, su karanta maka awo. Lissafin da suke gudu a aji a nan za su ga amfaninsa. Kayan kaifi dai su kwana cikin akwati mai kwaɗo, wannan akwatin ma shi ya kamata ya zama aikinka na farko, don a kansa za ka koyi yanka a miƙe da haɗa kusurwa, kuma in ya ɗan karkace babu wanda ya cutu. Ka sa takunkumi lokacin guga, musamman a jan katako da MDF, ƙurarsu na shiga ƙirji.

In hannunka ya fara faɗawa, ƴan uwa za su fara kawo maka buƙata, kuma cikin abin da za a fara roƙon ka akwai gadon jariri. Shi wannan ba a yin sa da ƙiyasi. Tazarar da ke tsakanin sandunan gefensa kada ta wuce santimita 6, don kada jikin jariri ya zurma kansa ya maƙale. Katifa ta cika gadon, kada a sami sararin da ya fi yatsu biyu tsakaninta da katako. Daga saman katifa zuwa saman shingen a sami aƙalla santimita 60 in yaro ya fara miƙewa, kada kuma a bar kan sukuru ko wani abu da ya yi tsini a kusurwa da zai iya kama wuyan riga. Gado mai hawa biyu, da tsani, da duk abin da za a rataya a saman inda mutane ke kwana, waɗannan ka kai wa kafintan da ya daɗe yana yi, ka tsaya kusa da shi ka ga yadda yake haɗa su.